Gemun Matan Gidanmu

Likitar ta ɗaga haɓata ta ce, "Wannan gashin, akwai masu shi a gidanku?"

Al'adata ce ta ɗauke wata da watanni, shi ya kai ni asibiti a Isa. A ƙauyenmu Tozai kowa cewa yake farin bana ne, gero ya ƙone, ba a ci a ƙoshi.

Na ce, "Inna da ƙanwarta. Ai mu alamar arziki muke ce mishi."

Da na kawo mata zancen fari, ta ce, "Ba yunwa ba ce. Ƙwan haihuwarki ne ba ya nuna kan lokaci, kuma abin yakan bi jini."

Tun a mota kaina ya ɗaure. Inna ta haife mu cike da gida, ƙanwarta ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kuma gemunsu iri ɗaya.

Mata, ku taya ni tunani: na wace ce na gada?