Jar Waya da Koriyar Waya a Garejin Nicanor

Shekara talatin da ɗaya Herminia Acosta ta yi tana zaune kan gajeriyar kujera a garejin mijinta Nicanor, mai gyaran wayarin mota a bakin hanyar da manyan motocin waken suya ke bi zuwa Rosario. Buta a gefen ƙafarta, ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a can, a hannunta. Ta zuba ruwan zafi kan ganyen, ta miƙa masa, ya zuƙe da bututun ƙarfe, ya maido. Mutanen garin nan, da bakinsu ba ya hutawa, suka yanke mata hukunci: malalaciya ce. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin da take sunkuyawa har kunnensa duk sanda za ta miƙa ƙoƙon.

Nicanor ba ya bambance ja da kore. Haka aka haife shi. Wata biyu da aurensu ta gano, ranar da ya tsinko mata ɗanyen tumatir cike da kwando yana cewa ya nuna. Ya roƙe ta kada kowa ya ji, don wa zai ba mai irin wannan ido wayoyin motarsa? Tun daga ranar, in ta miƙa ƙoƙo sai ta raɗa masa, "Ta hagunka ce koriya." In aiki ya ƙare, shi ya taka birki, ita ta tsaya a baya ta duba fitilu.

Ana nan sai Don Casimiro Lezcano, mahaucin da ya ajiye wuƙa, ya zo da tsohuwar bas da ya mayar motar tafi-da-gidanka, da gado da murhu har da labule. Ya sayi kwalekwale mai inji, yana so a sake wa bas ɗin ƙugiya mai ƙarfi ta jan tirelar da za ta ɗauki kwalekwalen, a haɗa fitilun tirelar, zai kai iyalinsa kogin Paraná kamun kifi.

Ya dubi Herminia, ya ce, "Nicanor, kujerar nan sayenta ka yi, ko tare da matar aka kawo maka?"

Maza suka yi dariya. Wannan bai dame ta ba, ta saba. Abin da ya daskarar da ita muryar mijinta ce.

"Ai kowa da baiwarsa, Don Casimiro. Tata dafa ruwa ce."

Ta ajiye butar a hankali, ta shige gida. Kwana uku ba ta leƙo ba. Waldar ƙugiya kam ya yi ta da kyau, ƙarfe ba ruwansa da launi. Wayoyi kuwa ya haɗa su da ka, girman kai ya hana shi ƙwanƙwasa ƙofar kicin ɗinsa. Ya kunna fitilun dare, ya ga duk sun kama, ya ce an gama.

Ran Asabar da safe tana shanya ta ga bas ɗin ta fito, kwalekwalen ya rufe fitilunta na baya gaba ɗaya. Matar Casimiro na ɗaga hannu ta taga, jikoki uku a bayanta. A kwanar coci ya taka birki. Herminia ta tsaya da rigar da take matsewa. Fitilun birkin tirelar ba su kama ba. Siginar dama ce kaɗai ta yi haske.

Ta san abin da ya faru kamar a gabanta aka yi: Nicanor ya sa jar waya inda koriya take. Nan da minti biyar za su hau babban titi, mota mai tan talatin na biye da su, direbanta ba shi da abin da zai gaya masa cewa na gaba ya tsaya.

Mace mai shekara hamsin da takwas, da silifas, ta yanke ta bayan makaranta da gudu. Tudun rage gudu na bakin gari ne ya taimake ta. Ta sha gaban bas ɗin, ta daddaki gilashi da tafin hannu.

Casimiro ya leƙo. "Doña Herminia, lafiya? Ruwan ne ya ƙi tafasa?"

"Sauko. Ka ce matarka ta taka birki, ka zo baya ka gani."

Ya zo, ya gani. Ya dubi titin, inda wata babbar mota ta wuce har ƙasa na rawa, ya dubi tagar da jikokinsa suke.

Nicanor, da ya hango ta tana gudu, ya iso a keke yana haki, mutane sun taru. Herminia ta kwance soket ɗin, ta ɗaga wayoyi biyu. Ba ta tambaye shi komai ba. Riƙe su kawai ta yi a gaban idonsa, tana jira. Asirin nasa ne, in ya ga dama ya ci gaba da ɓoyewa.

Ya kalle su. Sannan ya ce, "Iri ɗaya nake ganinsu. Tun ina yaro. Duk motar da ta fita daga garejina, da idon matar nan ta fita."

Rabin waɗanda ke tsaye motocinsu sun bi ta hannunsa.

"Ba ni filaya, tsoho," in ji ta.

Ta durƙusa a ƙura, ta musanya wayoyin, ta naɗe da salatif, ta sa aka taka birki sau uku. Matar Casimiro ta fito da butarta da ƙoƙo, ta tsaya tana neman wanda za ta ba. Herminia ta nuna mijinta da haɓa.

"Ba shi, shi zai zuba. Kar ka cika ruwa, tsoho, ban son ganye ya wanke."

Ya zuba, ya miƙa mata da hannu biyu.

Har yau allon garejin sunan Nicanor kaɗai ke kai, abin da ni kam ban gane ba. Amma wanda ya kawo tirela, kujerar yake fara dubawa. In babu kowa a kai, sai ya ce zai dawo gobe.