Ranar da Mushe Hamidu Ya Fitar da Ni Daga Zauren Kiɗa

Shekara uku ke nan da muka kai Mushe Hamidu makwancinsa a Karofane, ana tsakiyar yankan gero. Tun bara na so in rubuta wani abu a kansa, sai na riƙa ɗagawa, don duk ta inda na biyo da labarin sai in tarar ni ne mai laifi a ciki. Bana na ce ko da kunya sai na faɗa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hamidu taubashina ne, ɗan gwaggona. Ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Buza da ƙauyukan Keita, har kowa, yara da iyayensu, ya koma ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi a Madawa tun ana yayin kaset. Da rediyo ta ja baya na koma gyaran salula, amma kwalayen kaset da mutane suka bari a shagona ban zubar ba. Akwai kiɗan noma a ciki, da na 'yan kokawa, da kalangun mahauta, da waƙoƙin biki da aka ɗauka a ƙofar gida har kana jin kukan jaki a bayan mawaƙi. Da Mushe ya ajiye alli, shi ya zo ya ce mu juye su a waya mu buɗe gurup, 'yan Adar da ke ci-rani su sami abin da zai tuna musu gida. Muka sa masa suna Zauren Kiɗa. Ni ke da kaya, shi ke da haƙuri, saboda haka riƙon zauren ya faɗa hannunsa ba tare da an yi wata shawara ba.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan wuri ba gani yake wasa ne. Don kiɗa aka buɗe, amma kafin wata biyu mai albasa ya fara tallar buhu, wani akuyarsa ta ɓace a Babankatami yana cigiya, wani ya kawo rigimar siyasa, wani kuma ya shigo takanas don ya sanar da mu cewa duk mai sauraren ganga ya shirya amsa tambaya gobe kiyama. Mutanenmu kuma ba rubutu suke yi ba, murya suke turowa. Mutum zai danna ya yi minti bakwai, huɗu a ciki gaisuwa ce.

Mushe yana saurarar kowace murya har ƙarshe. Na sha ganinsa zaune a kan tabarma da tabarau a goshi, waya a kunne, shayinsa na hucewa. A lokacin mai riƙon zaure ba shi da ikon goge saƙon wani. Sai wanda ya saka ne zai iya cirewa, shi ma cikin ɗan lokaci kaɗan, in ya wuce shi ke nan. Saboda haka da zarar wani ya kauce, Mushe zai kira shi shi kaɗai. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi gajiya, sannan ya ce kayan da ya kawo suna da kyau amma ba yau ce ranarsu ba, ya daure ya kwashe. Bai taɓa yi wa mutum gyara a gaban jama'a ba. Ya ce ya ga yadda yaro ke ƙin lissafi har abada don an kunyata shi sau ɗaya a gaban allo, balle mai furfura.

Shi ya ƙirƙiro ranar kasuwa. Ya ce kowane gari yana da ranar da kasuwarsa ke ci, to zaure ma haka: ranar Laraba kowa ya baje hajarsa, albasa ce, cigiya ce, neman mota zuwa Tawa ne. Alhamis da safe a share wuri a koma kiɗa. Sanarwar rasuwa kuwa bai taɓa ɗaukarta a matsayin kauce hanya ba, ko wace rana ta zo. Sai dai bayan yini guda yakan ce mai gaisuwa ya kira gidan mutuwa, don can ake buƙatarta. Ni dai ina yi masa tsiya cewa ya rasa 'yan aji ne ya tara dattawa yana musu jere. Shi kuma ya ce ai ajin bai cika ba sai da daƙiƙi, shi ya sa ya fara rubuta sunana.

A cikin duk mutanen zauren babu wanda Mushe ke ji da shi kamar Baba Illa. Tsoho ne daga wani ƙaramin ƙauye bayan Tabotaki. Mahaifinsa makaɗin gayya ne, mai gangar noma, kuma ba a taɓa ɗaukar muryarsa a kaset ba. Abin da ya rage na waƙoƙinsa yana bakin Baba Illa ne kawai. Ɗansa da ke ci-rani ya aiko masa da salula, ya koyi danna wuri ɗaya tak. Ƙauyensu babu rezo, waya ba ta kamawa sai a kan dutse, saboda haka duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya dogara sanda ya hau, ya zauna, ya rera mana waƙa guda yana buga jarka a madadin ganga. Kowace waƙa ta wani manomi ce da sunansa, da kirarin yadda yake cin kuyya, wato kunyar gona, in ana noma. Mutanen da ke Abijan da Libiya sukan ce ranar Juma'a ba sa cin abincin rana sai sun ji Baba Illa. Mushe ya sha gaya mini cewa kaset ɗina ko mun mutu suna nan, amma wannan tsoho in ya yi shiru an rufe littafi.

To, ga abin da na yi. Wata Litinin ina tonon kwali na ci karo da wani tsohon kaset na bikin wani attajiri. Mawaƙin ya daɗe da rasuwa, muryarsa kuwa ko yau ka ji sai tsigar jikinka ta tashi. A tsakiyar waƙar ya yi zambo ga mutanen wani ƙauye, ya ambaci kakanninsu da zamanin da suke ƙarƙashin masu raƙuma, suna noma wasu na kwashewa, da kalmomin da ba zan maimaita a jarida ba. Ƙauyen su Baba Illa ne. Na sani sarai. Amma na taso cikin wasan taubasantaka, inda ni da Hamidu muke zagin juna tun daga kakanni a tashi ana dariya, sai na ɗauka wannan ma irinsa ne. Na juye na tura, har da ƙarin muryata ina cewa mutanen bayan Tabotaki su zo ga tsarabarsu. 'Yan ci-rani suka fara turo hotunan dariya.

Ko minti biyar ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Ranar Mushe bai tambayi gida ba, bai tambayi gona ba.

"Taubashi, goge wagga waƙa yanzu, tun lokaci bai wuce ba."

Na hau gardama. Na ce ba albasa na kawo ba, ba siyasa ba, waƙa ce a zauren waƙa, ya nuna mini dokar da na taka. Na ce ba ni na tsara ta ba, tarihi ne, kuma wasa ne irin wanda ni da shi muke yi kullum.

"Ni da kai muna da wasa, kakanni sunka bar muna shi," in ji shi. "Kai da Baba Illa wa yab ba ku? Mutumen ga na hawan dutsi da sanda don shi ba mu abin ubanai, kai ko ka aika mai zagin kakanai har cikin aljihu."

Da na ji gaskiya ta yi yawa sai na kashe wayar. Lokacin gogewa ya wuce, waƙa ta zauna daram. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, don ita kowa na da tasa a hannu.

Kafin la'asar Mushe ya fitar da ni daga zauren da kaset ɗina suka gina. Wani ya turo mini muryar da ya yi wa jama'a, ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa tun farko ba cewa ba kowace waƙa ce ke shiga zaure ba, ya roƙi kowa ya share ta daga wayarsa, kuma wanda ya saka ta zai dawo ranar da ya taka da ƙafarsa ya je ya ba da haƙuri. Bai ambaci sunana ba, ko da yake babu wanda bai sani ba. Juma'a ta zo, aka jira Baba Illa har magariba. Washegari aka ga ya fita daga zauren.

Na yi fushi irin na mai laifi, wanda ya fi kowane fushi daɗewa. Na buɗe nawa gurup ɗin don in nuna masa ba a kansa aka fara ba. Cikin mako uku ya zama dandalin zage-zage da tallar maganin basir, na rufe shi da hannuna. Ni da Mushe muka koma haɗuwa wurin suna da jana'iza muna gaisawa da ladabi kamar surukai, kuma duk wanda ya san taubasai ya san babu zagin da ya kai wannan. Sau uku yana aiko mini cewa in shirya ya ɗauke ni a moto, wato babur, mu je wurin Baba Illa tare. Na ce sai an gama girbi. Na ce sai bayan Salla. Na ce ƙafata na ciwo. Haka shekara ta zagayo har ta ɗora.

A gona ya faɗi, hawan jini. Aka kawo shi asibiti nan Madawa, na iske shi ba ya magana. Na riƙe hannunsa na yi ta surutu, ban san ko ya ji ba. Kwana biyu ya yi Allah ya karɓi abinsa. Bayan addu'ar bakwai matarsa Rabi ta miƙo mini wayarsa a ƙulle cikin ɗankwali, ta ce ya daɗe da faɗa mata in ta Allah ta kasance a ba taubashi, shi zai riƙe zaure. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da aka yi arba'in na sayi goro na hau moto na nufi bayan Tabotaki. Na tarar da Baba Illa a rumfa yana tufkar igiya. Ya bar ni na gama duk abin da na tsaro a hanya, sannan ya ce Mushe ya zo nan sau huɗu, har da ranar da ƙorama ta kawo ya tura moto da hannu. Kullum Mushe yana roƙonsa ya koma waƙa, tsohon kuma yana cewa ba zai buɗe baki ba sai wanda ya yi abin ya zo. Kullum kuma amsar Mushe ɗaya ce: "Shina zakkuwa, Baba. Nauyin ƙahwa gare shi, amma ba mugu na ba." Nan na kasa riƙe hawaye a gaban mutumin da na zo ba haƙuri.

Ya yafe mini, ya karɓi goro. Na yi ta komawa duk Juma'a ina ɗaukar muryarsa a rumfar, ba sai ya hau dutse ba. Ranar da muka zo ƙarshen waƙoƙin ya shiga lissafi da yatsu, yana kiran sunayen manoman ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya, ya sake daga farko.

"Da ina rera su dut Juma'a suna nan bakina," ya ce. "Da nib bari, ukku sun tahi. Sunayen na nan, waƙar ta babu. Na biɗe su ban ishe su ba."

Yau zauren ya ninka yadda Mushe ya bar shi. Mai riƙo yana iya goge saƙon kowa da yatsa ɗaya, kuma ina ganin yadda ake yi a wasu wurare, a share mutum ba sallama kamar an kori kaza daga shanya. Har an fara turo mana waƙoƙin da inji ya haɗa da muryar mawaƙan da suka daɗe a ƙasa, suna faɗin abin da ba su taɓa faɗa ba. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai saurara har ƙarshe tukuna, ya kira wanda ya turo, ya tambaye shi ko ya nemi izinin iyalan mamacin. Ni ba ni da haƙurinsa, sau da yawa yatsana na kan gogewa nake tuna shi in fasa, in kira, in fara da tambayar gona. Ba kullum nake cin nasara ba.

Baba Illa ya rasu bara da damina. Mushe bai bar gidan sama ba, bai bar garke ba, ko waƙa ɗaya bai iya rerawa ba, don muryarsa in ya ɗaga awaki watsewa suke yi. Abin da ya bari shi ne wurin da ɗan kowane gida a Adar zai shiga ya saurari kiɗa ba tare da fargabar za a taɓa kakansa ba, kuma ya yarda ya rasa taubashinsa fiye da shekara don wurin ya tsaya haka. Mutane kan yi mini godiya cewa na ceto waƙoƙin gayya kafin tsoho ya tafi. Nakan ce su yi wa Hamidu addu'a, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Waƙoƙin da ke cikin zaure nasa ne. Ukun da babu, su ne nawa.