Gaisuwar da Harisu Mai Albasa Ya Nema

In ka bi ta Bracodi, nan Adjamé a birnin Abidjan, bayan la'asar ka ji wani yana bayanin tauraron ɗan'adam kamar shi ya harba shi sama, kada ka wahalar da kanka da tambaya, Harisu mai albasa ne. In kuma ka ga wani dogo a gefensa yana gyaɗa kai yana cewa "ƙwarai kuwa," to ni ne. Sunana Badaru, takalman roba nake sayarwa, rumfata na manne da tasa. Shekara da shekaru ina gyaɗa wa mutumin nan kai, har wuyana ya saba, wani lokacin tun bai buɗe baki ba na fara.

Haifaffen wani ƙauye ne a bayan Galmi, can Nijar. Uwarsu ta rasu yana goye, sai yayarsa Rakiya ta ɗauke shi, ita ta yaye shi, ita ta rene shi, ita ce kuma ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a tsumma ranar da ya haye saman motar albasa yana ɗan saurayi. Ya sauka Adjamé ba Faransanci, ba Julanci, sai ƙarfin wuya. Ya yi dako, ya tura amalanke, ya yi tsaron rumfar wani, har Allah ya buɗa masa tasa. Ya auri Haulatu, haifaffiyar Treichville, suka zauna unguwar Belleville, suka haifi Bilal da Firdausi da Iklima, yaran da in ka yi musu Hausa sai su amsa maka da Faransanci suna murmushi. Kullum da safe ya hau bas ya haye gada, da yamma ya koma yana warin albasa.

Karatunsa na allo ne, na boko kuwa abin da ya tsinta a jikin buhu. Amma tun ranar da ya sayi babbar waya, shi ke nan, kasuwa ta samu masani. Ba labarin fasahar da zai fito a duniya bai yanke masa hukunci ba kafin shayinmu ya huce. Da aka ce an ƙera mota mai tuƙa kanta, cewa ya yi, "A kawo ta cunkoson Indénié da yamma. In ta fita da madubinta biyu, na yarda." Da albasarsa ta yi saurin tsiro wata damina, ya ɗora laifin a kan ƙarfin rezo, wato sabis ɗin waya, wai yana zuga ta. Ya kuma tabbatar mana waya tana sauraren mutum ko a kashe take, don haka in zai yi ciniki mai nauyi sai ya cusa tasa cikin buhu. Ni ma ba a bar ni a baya ba, tawa cikin takalmi nake sa ta, in toshe da takarda. Ku duba fa, mutum da gemunsa! Kuma tawa ta fi tasa girma, alhali ban san komai a cikinta ba sai kunna fitila da kallon kokowa.

Na ukunmu a teburin mai shayi shi ne Malam Abdulƙarim, mai koyar da yara karatu a masallacin bayanmu. Shi ba ya gyaɗa kai, sai dai ya ce "Allahu a'alamu," amma a ƙarshe abin da Harisu ya ce shi yake bi.

Bara ne labarin na'ura mai kwaikwayon murya ya iso mana. Harisu ya ga wani bidiyo inda aka sa murya irin ta mutum sak tana faɗin abin da mai ita bai taɓa faɗa ba. Ranar ko ciniki bai yi ba. Ya ce burutai, 'yan damfarar intanet ɗin nan na garinmu, sun samu sabon makami. Ya kafa mana doka: kada wanda ya ɗauki baƙuwar lamba, domin da ka ce "alo" sun kwashe muryarka, gobe su kira matarka da ita. Muka bi. Malam ya rasa walimar suna saboda dokar nan, ni kuma wani mai sari ya gaji da kirana ya koma wurin maƙwabcina. Duk da haka muna ganin mun fi kowa wayo a Adjamé.

Yanzu bari in gaya muku yadda Harisu ke jin yayarsa. Rakiya ba ta da waya. Wani maƙwabcinta, Musbahu, shi ke kai mata tasa ta yi magana, in ya fita kasuwa inda ake samun rezo ya turo ta Watsaf. Saƙon Rakiya kuwa sananne ne a teburinmu. Da Harisu ya ce "Yaya ta turo," sai mu ce wa mai shayi ya ƙaro. Za ta yi sallama, ta tambayi kwana, gajiya, sanyi, ruwa, kasuwa, sannan ta bi gidan ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan da ita ta raɗa masa. Har ni ina ciki, "dogon nan mai takalma," domin nakan leƙa in gaishe ta in Harisu na mayar da amsa. Sai ta gama wannan duka, can a ƙarshe, take faɗin abin da ya sa ta yi magana. Harisu ya yi ta ƙorafi wai tana cinye masa caji, amma ni na sha ganinsa a bayan buhuna yana sake saurare shi kaɗai. Shekarun nan bai je gida ba, kullum cewa yake bana, in hanya ta gyaru.

Wata ranar Talata saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba ta Nijar. Gajere ƙwarai. Harisu ya danna, muka ji:

"Auta, Rakiya ce. Ka zo gida."

Shi ke nan. Harisu ya miƙe tsaye fuskarsa na ƙyalli, kamar wanda tarkonsa ya kama.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Badaru, me na gaya muku?"

"Ƙwarai kuwa," in ji ni, ban ma san me na gani ba.

"Ina sallama? Ina gajiya? Ina Haulatu, ina yara? Yaya Rakiya ce za ta buɗe baki ta ce ka zo gida, kamar ɗan sanda? Na'urar ta kwashi murya, amma ba ta san tarbiyya ba!"

Ya sake sakawa, ya sake. Muka zauna muna tankaɗe da rairaya. Ni, don kada a ce ban kawo tawa ba, na ce ai muryar ma ta yi siriri, da alama na'urar ba ta gama koyo ba. Harisu ya buga mini kafaɗa ya ce na fara fahimta. Wallahi na ji daɗi, har na ƙara gyara zama. Ya nemi lambar Musbahu, a kashe. Ya ce ka ji, sun toshe ta, aikinsu ke nan. Sai Malam ya ce, "Alhaji, da dai ka kira lambar nan ka ji."

"In ba su muryata da hannuna? Haba Malam!"

"Allahu a'alamu," in ji Malam.

Washegari sai ga Haulatu da kanta a kasuwa, abin da ba ta saba ba. Ta gaishe mu, ta juya wurin mijinta, ta yi ƙasa da murya, amma rumfunanmu ba su da sirri.

"Alhaji, ni hankalina bai kwanta ba. Wannan Yaya ce."

"Ke me kika sani a kan fasaha?"

"Ban san komai ba. Amma in ba ka tambaya ba, ni zan kira da tawa wayar."

Nan ne dabara ta zo masa. Ya ce za a yi jarrabawa. Za a tura wa lambar saƙo a ce in da gaske Rakiya ce, ta yi gaisuwarta yadda ta saba, kowa da sunansa. Na'ura ba ta san Rakiya na kiran Bilal "Mai Tumbi" ba, ba ta san Iklima ce "Kishiyar Kaka" ba. Nan asirinsu zai tonu. Sai dai ba da muryarsa za a tura ba, kuma ba da wayarsa ba. Ya dube ni.

"Taka ba wanda zai so ya sata, Badaru. Amma ka toshe hanci, don kariya."

Jama'a, na yi. Na ciro wayata daga cikin takalmi, na tsuguna bayan buhunan albasa, na matse hancina da yatsu biyu, na ce, "Salamu alaikum. Harisu ya ce in ke ce Rakiya da gaske, ki gaishe shi yadda kika saba, kada ki tsallake kowa." Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Haulatu ba ta yi dariya ba, ta gyara mayafinta ta tafi.

Amsa ba ta zo ba ranar, ba ta zo washegari ba. Harisu ya yi ta zagaya kasuwa yana ba da labarin yadda ya kori burutai da tambaya ɗaya, ni ina biye da shi ina ƙara gishiri. Sai ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne mai tsawo. Harisu ya ce a ƙaro shayi, mu ji yadda na'ura za ta yi kame-kame. Na danna.

"Salamu alaikum, Auta."

Shiru. Sai wani sauti kamar ana jan iska ta cikin kara.

"Ka kwana... lahiya?"

Shiru kuma. Dariyar da ke bakin Harisu ta tsaya a inda take.

Ta tambayi gajiya. Ta huta. Ta tambayi ruwa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi albasa ko tana tafiya. Bayan kowace tambaya sai ka ji tana neman numfashi, kai da ke saurare ma ƙirjinka ya riƙe. Ta zo kan Haulatu. Ta zo kan Mai Tumbi. Nan muka ji wata mace a kusa da ita tana cewa, "Inna, ya isa haka, ki huta."

"Bari... shi ya roƙa."

Ta ci gaba. Firdausi. Kishiyar Kaka. Malamin masallacinku. Ba ta tsallake kowa ba.

"Dogon nan... mai takalma. A ce masa... ya sha magani. Na ji mura... ta toshe masa hanci."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙasa ta tsage da na shige. Mace na kokawa da numfashinta, tana tausayin hancina!

Can ta ce, "To, Auta... abin da ya sa... na kira ka..." Sai tari ya sarƙe ta, tari mai tsawo, aka ji ana karɓe wayar. Matar nan ta yi magana da sauri. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce a likitar, wato asibitin da aka kwantar da Rakiya, ciwon ƙirji ne. Wayar Musbahu ta faɗa ruwa a lambu, shi ya sa ta ara musu tata. Saƙon farko iyakar abin da numfashinta ya iya ke nan. Wannan kuwa tun da ta ji abin da aka roƙa take tara ƙarfi, ta ƙi a tura komai sai ta yi shi cikakke. Ta ce don Allah in akwai mai zuwa, ya taso.

Harisu ya fizge wayar daga hannuna ya kira lambar. "Alo! Alo! Ni ne Harisu, ni ne Auta!" Da muryarsa, da ƙarfi, duk kasuwa na ji. Aka ce masa ta samu barci. Ya tsaya yana dube-dube kamar ya manta inda ƙofar rumfarsa take, hawaye na bin gemunsa. Malam ya kama hannunsa suka nufi tasha, ni na rufe masa buhuna.

Hanyar gida yanzu ba kamar da ba ce, kwanaki ake yi ana zagaye. Na riƙe masa rumfa, ina sayar da albasa da takalma a lokaci guda, ina rikita farashi. Muna ta addu'a ya same ta. Kuma ya same ta da rai. Ta gane shi, ta riƙe hannunsa, ta daɗe tana kallonsa. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa.

Da ya dawo aka yi zaman gaisuwa a Belleville, mutanen kasuwa suka cika ƙofar gida, maƙwabtansu 'yan ƙasa na ta shigowa suna cewa "yako," wato sannu da haƙuri. Sai da jama'a suka ragu ya matso kusa da ni a kan tabarma. Ya rame, muryarsa ta dushe. Na ce masa ya gode wa Allah, ai ya same ta, sun ga juna.

Ya ce, "Na same ta, Badaru. Amma magana ta riga ta ɗauke. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce tun bayan gaisuwar ba ta sake haɗa kalma biyu ba. Na zauna a gabanta ina cewa Yaya, me za ki gaya mini? Bakinta na motsi, ba abin da ke fita."

Ya share fuska da hannun riga.

"Akwai abin da ta kira ni ta faɗa. Numfashin da za ta faɗa da shi, ni na sa ta ƙarar da shi wurin tambayar lafiyar albasa."