Attracta da Dangin Aro

Yayata Attracta Feerick ta yi sana'ar gyaran gashi a garinmu Kilcorran tun tana budurwa har gwiwoyinta suka ƙi. Ba ta yi aure ba. Ta ce ta ji labarin mazan garin kaf daga bakin matansu, kuma babu wanda ya burge ta. Da ta rufe shago sai ta rasa wanda za ta yi gulmarsa, shi ne ta koma kan matattu.

A laburaren Roscommon aka koya mata duba tsohuwar ƙidayar jama'a a kwamfuta. A ranar ta bugo mini waya.

"Dympna, na samo Honor, kakar Baba. A ƙidayar 1901 shekarunta hamsin da biyar. A ta 1911, saba'in da huɗu."

"Cikin shekara goma, Yaya?"

"A tsakanin ne aka fara ba 'yan saba'in fansho, sai ta ƙara wa kanta shekaru. Kin ga jininmu ke nan, ba ma barci."

Daga nan ta faɗa takardun gidan gajiyayyu, inda ake tara waɗanda yunwa ta koro, a sa su aiki a ba su kunu. Can ta ga sunan Honor Cunniffe, 'yar ƙaramar yarinya, an kawo ta da ƙanenta Malachy lokacin babbar yunwar da aka taɓa yi a ƙasarmu, ta ce ai wannan ce Honor ɗinmu. Attracta ta yi kuka har ma'aikaciyar wurin ta roƙe ta ta ja da baya kada ta jiƙa musu takarda. A takardun kuma ana ta ƙorafi kan wani Owen Cunniffe mai kawo madara, wai ruwanta ya fi madarar yawa. Sunan Cunniffe ya cika yankin, don haka ba ta kawo komai a ranta ba, sai tsinuwa. Ko shayi muke sha, da ta ɗauki madara sai ta ce, "Owen, Allah ya isa."

Sai ta bi zuri'ar Malachy, daga ɗa zuwa jika, har ta dire kan Cathal Cunniffe, wani mai kiwon tumaki a hayin kogi, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da gida kaca-kaca. Ta gasa kek, ta sa hular zuwa coci, ta ce in kai ta a mota.

Muka same shi yana gyaran shinge. Ta tsaya a gabansa ta buɗe hannu.

"Ɗan'uwana!"

Ya dube ta, ya dubi kek ɗin. "In wa'azi ne, ina da cocina."

"Kakan babanka da kakar babana uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka sha kunun gidan gajiyayyu."

"To," in ji shi, "sai a ɗora ruwan shayi."

Tun daga ranar Cathal bai sake hutawa ba. Ta aske masa kai, ta zubar da kwat ɗin da yake ta sawa tun jana'izar matarsa, ta hana shi soya komai da kitse. Duk rasuwar da aka yi a dangin Cunniffe tana layin gaba, tana karɓar gaisuwa. 'Yarsa Sinead ta fara kiranta Goggo, jikoki suka bi. Ta yi faɗa da surukin Cathal kan iyakar gona, ta kuma yi nasara. Shi kuwa Cathal, na lura ya fara sa turare.

Shekaru suna tafiya a haka, sai ta ce za ta haɗa bikin dangi, a kafa wa Honor da Malachy dutsen tunawa. Don a rubuta komai daidai ta aika Dublin a turo mata takardar auren Honor ɗinmu, wadda ta auri Feerick. Ina kicin ɗinta lokacin da ta buɗe ambulan. Ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Dympna, Honor biyu ne. Ta gidan gajiyayyu 'yar wani Thady ce. Tamu kuwa…" Ta miƙo mini. Sunan uban amarya: Owen Cunniffe. Sana'a: mai sayar da madara.

Na yi dariya har na sarƙe. Ta ce in na sake ta ji haƙorina, da ƙafa zan koma gida, ta manta motar tawa ce.

Ta kwana biyu ba ta fita ba. Na ce ta jefa takardar a murhu, wa zai sani? Ta ce ita ta sani. Ranar Lahadi bayan an tashi coci ta ce in kai ta hayi, ba kek, ba hula.

Cathal yana zaune yana cin dankali da kabeji. Ta ƙi zama.

"Malam Cunniffe, na zo in gaya maka ni ba 'yar'uwarka ba ce. Kakanmu ne ma ya shayar da naku ruwa."

Ya ajiye cokali. "Babu dangantaka ko kaɗan?"

"Ko ta ƙwayar zarra."

"Kin tabbata? An buga hatimi?"

"Ga shi nan, na gwamnati."

"Godiya ga Allah!" Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Kullum in na buɗe baki sai ki ce ɗan'uwana, sai maganar ta koma ciki. Attracta, ki aure ni mana."

"Kai, tsoho, ka haukace? Da wannan gwiwar tawa?"

"Ai ba tsere na ce mu yi ba."

Ta juyo gare ni. "Ke kuma me kike kallo? Je ki jira a mota."

Na daɗe a motar. Da ta fito fuskarta ja wur, abin da ta ce kawai shi ne, "Labulen gidan nan sai an sake shi."

An ɗaura aure da bazara. Dutsen tunawar ma an kafa, ita ta biya daga aljihunta, ta ce haƙƙin madara ne. Sai dai jikokin Cathal sun ƙi sauya mata suna. Kwanakin baya ƙaramar cikinsu ta tashi a aji ta ce kakanta ya auri goggonta, kuma Fada, limamin cocinmu, da kansa ya ɗaura. Malamar ta rasa sukuni, ta tuƙo mota har gona don ta ji ba'asi. Attracta ta zaunar da ita, ta kawo shayi, ta jawo akwatin takardu, ta fara daga shekarar yunwa. Cathal ya ɗauki sandarsa ya ce akwai tunkiyar da ba ta da lafiya.