Faruk da Hajarorin Gidimuni

Faruk ɗan Birni ne, ɗan badukun da ke ɗinka mana takalma. Ya yi shekara huɗu a Yamai yana karatun ordinata, wato kwamfuta, ya dawo da tabarau da jakar goyo da wani irin kallo na raini, sai ka ce shi ya ƙirƙiro boko.

Ƙungiyar da nake wa aiki, mai raba wa manoma irin gyaɗa, ita ta ɗauke shi. Shekara goma sha biyu ina bin ƙauyuka ina rubuta sunaye a littafi. Faruk ya ɗaga littafin da yatsu biyu, ya ce zai zuba sunayen a shafin intanet da ya gina da wani abu wai shi Django, inda ake tace mutane da sharaɗi biyu ko goma a lokaci guda.

Cikin mako ɗaya gogan ya gano "ɓarayi". Ya haɗa sharaɗi uku: suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Duk waɗanda suka dace a ukun nan, in ji shi, mutum guda ne ya yi rajista sau biyu. A bar ɗaya, a goge sauran.

Na ce, "Malam Faruk, mutanen karkara ba su riƙe ranar haihuwa. In sun je yin takarda, ɗaya ga Janairu ake rubuta wa kowa, a ƙiyasta shekara."

"Kai dai tsaya ga littafinka," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. Haushi ya kama ni, amma shi ke da digiri.

Ranar rabo a Gidimuni, ruwan shuka ya riga ya sauka. Na kira Hajara Musa, mata uku suka miƙe, kowace ta gama sharar gonarta tana jiran iri. Buhu ɗaya ne a jerin.

Babbarsu ta dubi Faruk ta ce, "Ɗana, wace ce a cikinmu babu ita?"

Sai wawan ya juya musu fuskar ordinata, matan da ba su taɓa shiga ajin lakol ba. "Inna, duba da kanki. Hajara Musa ɗaya ce."

Matan suka juya. Suka ja buhun gindin itacen bedi, suka aro tiyar awo, suka raba shi uku. A daminar nan kowace ta shuka sulusin gonarta, sauran kuwa ciyawa ta cinye.