Shekari, Wanda Ya Koya Mana Jan Numfashi

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2002, da hantsi, Talatu ta aiko mini cewa maigidanta Shekari Kazah ya rasu a gidansu da ke Nasarawa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Mai abu ya karɓi abinsa.

Shekari, shekara goma sha shida ke nan da likita ya ce zuciyarka ta kumbura, ka je ka kintsa gidanka. A lokacin kana sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Wani injiniya Ba'indiye da kuke aiki tare ya koya maka yoga: ka zauna a tabarma, ka miƙe baya, ka ja iska ta hanci a hankali, ka riƙe, sannan ka sake ta kamar mai hura koko. Ka haɗa da maganin asibiti, ba ka yar da ko ɗaya ba. Likitan da ya yi maka wancan albishir ya riga ka tafiya da shekara biyar.

Da ka yi ritaya sai ka shiga tara masu hawan jini duk safiyar Asabar a filin firamare. Hajiya A'isha mai atamfa, wadda a da ba ta iya taku ashirin ba tare da haki ba, tana zuwa daga Tudun Wada da tabarmarta. Ko bayan rikicin addinin da ya sa mutane suka daina ƙetare gadar da ta raba garin, ba ta fasa ba, kai ma ba ka fasa raka ta bakin titi ba.

Ni, Jonathan, ni ne na kai ƙararka. A 1999, shekarar da soja suka koma bariki, aka zaɓe ni dattijon ikkilisiya, kaina ya kumbura. Na bi ta filin na ga mutane sun harɗe ƙafa, ido a rufe, hannu a gwiwa, sak yadda muke gani a finafinan Indiya a gaban gunki. Ban tsaya na tambaye ka komai ba. Majalisar dattawa ta dakatar da kai daga cin jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi a coci, har sai ka tuba.

Ka ce mana, "Dattawa, iskar nan wa ya yi ta? Ku nuna mini wanda na durƙusa wa, yau zan daina." Amma hatimi yana hannunmu. Shekara uku kana zuwa sujada, ka zauna a bencin baya, farantin jibi ya wuce ta gabanka. Ba ka sauya coci ba, ba ka zagi kowa ba.

Bara jinina ya hau har na faɗi a ƙofar shagona. Da aka sallamo ni daga asibiti, sai ga ka a keke da tabarma biyu. Ka ce, "Jonathan, in kunya kake ji rufe ƙofa, iska za ta shigo ta taga." Wata takwas kana zuwa duk Laraba. Bugun ƙirjina ya lafa, likita ya rage mini ƙwaya daga uku zuwa biyu. Na tabbata babu gunki a cikin abin nan, babu komai sai haƙuri da huhu. Duk wata ina cewa zan tayar da maganarka a majalisa, duk wata girman kai ya ɗaure mini baki. Ba ka taɓa tuna mini ba, kuma wannan ya fi zagi zafi.

Lahadin da ta wuce na tsaya a gaban jama'a na faɗi duk wannan. A ranar majalisa ta janye dakatarwar, kwana uku bayan ka tafi. Ni na kai wa Talatu takardar. Ta karanta, ta ninke, ta ce, "Na gode, Baba. To, wa zan ba?"

Talatu, da Celina da Deborah 'ya'yansa, da mutanen filin Asabar, Kirista da Musulmi, Allah ya ta'azantar da ku, ya ba ku jimiri. Ku gafarce ni. Shekari, Allah ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa. Ba na shakkar inda kake. Ubangiji ya zaunar da kai a teburinsa, inda babu dattijon da zai hana ka miƙa hannu.