Kawu Lawal da Ma'aikatan Gonarsa

Duk wanda ya taɓa bin Kawu Lawal na Ƙofar Marusa zuwa gonar shinkafarsa ta fadamar Ajiwa ya san ba ya shiga sai ya yi sallama. Ba ga mutane ba fa. Sai ya tsuguna bakin kunya, ya ɗaga ganye, ya ce wa gizo-gizo, "Sannunku da aiki!" Kwaɗi ma suna da tasu gaisuwar. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ran da na fara ganin haka na ce, "Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau. Ma'aikatana ne. Su ka cinye mini ƙwari, ba su taɓa ce mini in ƙara masu albashi ba. Kai da ka zo tun safe, mi ka yi?"

Tsohon malamin gona ne, shekara da shekaru yana gaya wa manoma kada su yi feshi sai sun duba, ba mai ji. Da ya yi ritaya sai ya huce a kan gonarsa. Maƙwabcinsa na gona, Alhaji Mamman, duk sati sai ya goya tankin feshi. Wata rana ya leƙo ya ce, "Malam Lawal, ga tsutsa can a shinkafarka!"

Kawu ya je ya duba, ya dawo. "Guda ukku ce, Alhaji. Abin da za su ci bai kai kuɗin kwalba ba. Baƙi ne, a bar su su yi kalaci."

Maganar taki kuwa, wayyo! Bai ƙi takin zamani ba, amma rabi yake saye, ya binne shi da hannu tsakanin shuka, wai mai watsa yuriya bisa ruwa iska ya yi wa sadaka. Sauran rabin kuma takin gargajiya ne, duk inda ya gani nasa ne. Ran da muka kai gaisuwar surukai gidan su matata a Ƙofar 'Yandaka, cikin sabuwar motata, ana tsakiyar gaisuwa sai Kawu ya ɗaga hanci.

"Alhaji, kaji kuke kiwo?"

Surukina ya ce eh, suna bayan gida.

"To kashin hwa, wa kuke ba?"

Wallahi da buhu biyu muka dawo a but ɗin motar. Na ce, "Kawu, ka kunyata ni." Ya ce, "Kai ka samu mata, ni na samu taki. Kowa ya tashi da rabonshi." Wata guda motar nan ba mai neman in rage masa hanya.

Sai shekarar da ya ce 'ya'yan bedi, wato dogonyaro, sun isa korar ƙwari. Ya tsinto kwando guda a bakin titi, ya jira matarsa Inna Hajara ta tafi suna, ya daka su a turminta na fura. Washegari aka dama, ɗaci kamar maɗaci. Inna ta fito da ludayi a hannu.

"Malam, mi ka daka a turmina?"

Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya haɗiye da ƙyar. "Ni ban ji komi ba. Kuma ko akwai, ai maganin zazzaɓi ne."

Ta ce to, tunda magani ne, shi kaɗai zai sha. Ta ajiye masa ƙwaryar gaba ɗaya. Ya shanye kuwa, don ba ya yarda a zubar da abinci.

Wata damina tsutsar da ke huda kara ta sauka da gaske, zangarniya ta fara fari. Abincin gidan na shekara ke nan. Muka ce shi ke nan, taurin kai zai sa mu sayen shinkafa a kasuwa. Kawu ya kwana biyu yana zagaya gona yana duba kara, rana ta uku sai ga shi da kwalbar magani. Alhaji Mamman har da tafi.

"Yau Malam ya tuba!"

"Ni ban ce magani haramun ne ba. Tsada na ce gare shi. Yau ɓarnar ta fi shi tsada."

Sau ɗaya ya fesa, inda abin ya yi muni kawai. Da kaka Alhaji Mamman ya fi shi yawan buhu, ya zo yana tsiya. Kawu ya ce, "Allah shi ƙara. Amma rabin naka na mai shagon magani ne, kai dai ka yi mishi dako."

Bara da rani ciwo ya kwantar da shi. Duk da haka ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, aka kawo dammunan da ya ware, yana zaɓar iri da hannunsa. Ya ƙulla kashi-kashi a tsumma, ya ce a kai wa maƙwabtan gona, har da Alhaji Mamman. Na ce, "Kawu, naka fa?" Ya ce, "Ku dai ku shuka da wuri."

Bai ga ruwan farko ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Lawal, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.